H. G. Wells, Ɗan Kantin da Ya Leƙa Gobe

Mu a Wushishi, in yaro ya faɗi jarrabawa, sai a ba shi haƙuri, a ce ƙaddara ta riga fata. Ni ma an taɓa faɗa mini haka, na kuwa ji daɗi, ko da yake na san ban yi karatu ba. Abin da ya sa ke nan nake so in ba ku labarin wani malami Bature wanda ya daɗe yana tunani a kan wannan al'amari.

An haifi Herbert George Wells ran 21 ga Satumba, 1866, a Bromley, ƙasar Ingila. Ubansa ƙaramin mai kanti ne, uwarsa kuwa aikatau take yi a gidajen masu kuɗi. A 1874 ya karye a ƙafa, yana kwance uban ya riƙa aro masa littattafai, daga nan son karatu ya shige shi. Amma uwar ta riga ta yanke shawara mai sayar da yadi zai zama, aka kai shi koyon aiki a wani kanti a Southsea. Bayan wajen shekara 2 ya ce shi kam ba zai ƙare ransa a nan ba. A 1883 ya sami aikin ƙaramin malami a Midhurst, yana koyarwa yana koyo, kamar mu.

A 1884 ya ci taimakon karatu zuwa makarantar horon malaman kimiyya a London, ana ba shi sule 21 a mako, ya yi karatu wajen shahararren masani T. H. Huxley. Sai muhawara da rubuce-rubuce suka ɗauke masa hankali, ya faɗi jarrabawa a 1887. Ya ci gaba da koyarwa, ya sake shiri, ya sami digiri a 1890.

A 1895 ya fitar da littafinsa The Time Machine. Labarin wani mutum ne da ya ƙera injin da zai kai shi shekara ta 802,701. Can ya tarar 'yan Adam sun rabu biyu: jikokin masu hutu sun zama raunana marasa wayo, jikokin ma'aikata kuwa suna zaune ƙarƙashin ƙasa, suna fitowa da dare suna cin waɗancan. To, ga tambaya. In mutum ya riga ya ga gobe da idonsa, ashe ba an gama rubuta ta ke nan ba? Ina amfanin ƙoƙari?

A ganina Wells gargaɗi ya yi, don ba a gargaɗin mutum kan abin da ba shi da ikon kaucewa. Rabon nan na masu hutu da masu wahala shi ne ya gani a gidan da uwarsa ke aiki, kuma ya ƙare sauran ransa yana rubutu don a gyara shi ta hanyar ilmi. Ya rasu a London ran 13 ga Agusta, 1946.

'Yan'uwana ɗalibai, karayar ƙafa da talauci ba shi ya zaɓa ba, amma barin kanti da komawa jarrabawa shi ya zaɓa. In mun shiga aji, yaro ya faɗi, mu ba shi haƙuri, sa'an nan mu ce ya kawo littafinsa mu duba inda ya kuskure.