Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta

Mutane da yawa suna tsammani a Sakkwato aka haifi Shehu Usumanu. Ba haka ba ne. A Maratta aka haife shi, kusa da Galmi, cikin yankin Malbaza na yau, a shekara ta 1754. Kakan kakanninsa, Musa Jakollo, daga Futa Toro ya taso da jama'arsa, suka zauna ƙasar Ƙonni.

Shehu ya girma a Dagel, ya yi karatu wurin Malam Jibrila ɗan Umaru. Da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa masa, sai ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Birnin Sakkwato kuwa, ɗansa Muhammadu Bello ya gina shi a 1809, lokacin Shehu ya haura hamsin. Can ya rasu a 1817.