Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata: Ɗan Fataken Bebeji Da Ya Tara Dalar Gyaɗa

An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, cikin shekarar 1877, ya kuma rasu a Kano ran 17 ga watan Agusta, 1955. A cikin shekaru 78 da Allah ya ba shi ya ga mulkin sarakuna kafin zuwan Turawa, ya ga yaƙin basasar Kano, ya ga shigowar Nasara da zuwan jirgin ƙasa, ya kuma rasu saura shekara biyar Nijeriya ta sami mulkin kai. Lokacin rasuwarsa mutane da yawa suna ɗaukarsa a kan cewa shi ne attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Galibi idan an ambaci sunansa gyaɗa ake tunawa, amma wanda yake son ya fahimci mutumin, sai ya fara daga goro, sai kuma ya fara daga Bebeji.

Bebeji ta wancan zamani ba ƙaramin gari ba ce. Gari ne mai ganuwa da kasuwa, a kan hanyar da ayari ke bi daga Kano zuwa Zariya da ƙasashen kudu da yamma. Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya ratsa ta cikin 1826, ya kuma same ta cike da 'yan kasuwa. Daga cikin mazaunanta akwai Agalawa, waɗanda su da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Kakan Alhassan, wanda ake kira Baba Talatin, Ba'agale ne da ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Ɗansa Abdullahi, watau mahaifin Alhassan, shi ne ya koma Bebeji, a zamanin da mayaƙan Ningi suke yawan kai hari kudancin Kano, tun daga wajen Tudun Wada har kusa da birni, abin da ya sa mai dukiya ba ya sakin jiki sai a bayan ganuwa mai ƙarfi.

Fataucin Gwanja ba aikin rago ba ne. Ayari yakan tashi da jakuna ɗauke da tufafin Kano, da kanwa, da jemammun fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har ya sauka Salaga, inda ake haɗuwa da goron da aka kawo daga dazuzzukan Asante. Tafiya da dawowa sukan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Madugu ne shugaban tafiya, shi ke shirya da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, shi ke zaɓen zango. Shi kuwa goro kaya ne mai wuyar sha'ani: sai an naɗe shi cikin ganye, ana kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa don kada ya ɓata sauran. Duk wanda ya tashi cikin wannan sana'a ya koyi abu uku, wato lissafi, da sanin wanda za a ba amana, da kuma sanin cewa kwana ɗaya na jinkiri yana iya cinye ribar wata guda.

Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan yana yaro bai kai shekara goma ba. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Bayan rasuwar mijinta ta tafi Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yau, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne aka sami laƙabin Ɗantata, sunan da ya shafe na uba da na kaka, har yau kuma shi ne sunan gidan. Yaron ya yi karatun allo a Bebeji, yana yi yana 'yan ƙananan saye da sayarwa don ya ciyar da kansa, kuma labarin da zuriyarsa ke bayarwa shi ne tun a lokacin yake tara wuri a asusu. Da ya tasa ya bi ayari har Ankara wurin mahaifiyarsa, ya ɗan zauna yana karatu da aikin ƙarfi, sa'an nan ya komo gida.

Cikin 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuwa suka ƙi yarda, suka fita tare da Yusufu. Wannan shi ne yaƙin basasa, wanda bai ƙare ba sai 1895, bayan Aliyu Babba ya shiga birni. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, saboda haka da ɓangarensa ya sha kashi suka ɗanɗana kuɗarsu. An kama Alhassan da 'yan'uwansa aka bautar da su, sai daga baya suka sami fansa. Watau mutumin da daga baya ya zama attajirin Kano ya taɓa zama abin da ake yi wa kuɗi. Shekaru kaɗan bayan haka, a farkon watan Fabrairu na 1903, rundunar Turawan Ingila da ta taso daga Zariya ta fara cin karo da turjiya a Bebeji. Suka fasa ƙofar garin da igwa, sarkin garin ya rasa ransa, ran 3 ga wata kuma suka ci Kano. Gidan Makama, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, ya zama ofishin Turawa na ɗan lokaci. Shi ne gidan tarihin da ɗalibai ke ziyarta a yau kusa da fadar Sarki, inda ake nuna tsoffin ƙyamaren ganuwa da kayan yaƙi da hotunan wancan zamani.

A nan ne hankalin Alhassan ya bambanta da na sauran fatake. Salaga ta riga ta lalace tun yaƙin da aka yi a cikinta a 1892, Turawa kuma sun mallake Asante, goro ya fara gangarawa bakin teku maimakon ya hau arewa a bayan jaki. Tsofaffin madugai da yawa suka ci gaba da bin hanyar da suka gada. Shi kuwa wajen 1906 sai ya shiga ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara da Sakandi zuwa Ikko, daga can a wuce da shi arewa, yana kuma kawo duwatsun ado da tufafin Turai. Abin da ke cin watanni ya koma na makonni, goro kuma ya iso da sauran ɗanyensa.

Ya kamata a tuna cewa wannan gaɓar teku ta daɗe da sanin cinikin baƙi. Turawan Fotugal ne suka fara kafa sansanin ciniki a Elmina cikin 1482, sunan Legas ma da ake kiran Ikko da shi daga harshensu ya fito. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga labarinmu shi ne gyaɗa ita kanta. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, jiragen Fotugal ne kuma suka ƙetaro da ita Afirka ta Yamma cikin ƙarni na 16, a zamanin da suke zirga-zirga har gabashin duniya, inda suka zauna a Makawo ta gaɓar ƙasar Sin daga 1557 har zuwa 1999. A cikin wannan zamani ne gyaɗa ta shiga Sin, ƙasar da a yanzu ta fi kowace ƙasa noma ta. Kafin ƙarni na 20 manomin Kano ya daɗe yana shuka gyaɗa, amma don miya da mai da ƙuliƙuli, ba don jirgin ruwa ba.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Ba ta shiga Bebeji ba, ta bi ta Ɗangora da Yako a ƙasar Kiru ta wuce, kuma tun daga nan tsohon zangon fatake ya fara ja da baya. Turawan da suka shimfiɗa hanyar auduga suke tsammani, domin masaƙun Ingila ita suke nema. Amma masaƙan Kano suna sayen auduga da tsadar da Bature ba zai iya biya ba, a Turai kuwa masu yin sabulu da man shafa wa burodi suna neman man gyaɗa ido rufe. Manomi ya yi lissafinsa ya zaɓi gyaɗa, wadda idan kasuwa ta faɗi a ƙalla za a iya ci. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhuna.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, suna da sikeli da kanti kusa da tasha, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa sosai, ba su kuma san wanda za su ba jari ya dawo da kaya ba. Fataken goro su ne suka san wannan duka. Irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suna cikin na farko da suka shiga. Alhassan, wanda ya dawo ya kafa gida a Kano wajen 1912, ya shiga sayen gyaɗa don Kamfanin Neja wajen 1918, kuma kafin 'yan shekaru ya wuce kowa. Dabararsa ita ce ta ayari, sai dai an sauya kaya: yakan karɓi kuɗi daga kamfani, ya raba wa yaransa, su kuma su bazu kasuwannin ƙauye suna ba manoma tun kafin kaka. Kowane yaro yana da nasa yaran, kowa kuma ya san abin da ke kansa. An san shi da sa ido a kan lissafi da kansa, da rashin almubazzaranci a ci da sutura, kuma mai kula masa da kuɗi, Garba Maisikeli, ya yi shekaru da dama tare da shi. Labarin da ya shahara shi ne cikin 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 zuwa reshen Bankin Ingila na Afirka ta Yamma da ke Kano. A wannan shekara ce kuma Kamfanin Neja ya haɗu da wani aka sami UAC, wanda Alhassan ya zama babban mai saya masa.

Shi ake danganta wa tsarin jera buhuna bisa juna su yi tsini, watau dalar gyaɗa, wadda guda ɗaya takan ɗauki buhu wajen 15,000. Mutane suna kallon dalar a kan alamar arziki, haka ne kuwa, amma ita alama ce kuma ta gazawar jirgin ƙasa, domin da taragu sun wadata da gyaɗar ba ta yi watanni tana jira a fili ba. Haka nan tsarin ba da kuɗi tun kafin kaka yana da fuska biyu. Ya sa manomi ya sami abin biyan haraji da na biki a lokacin da babu banki a ƙauye, amma wanda damina ta ƙi yi masa kyau yakan wayi gari da bashi a wuya, farashi kuwa ba shi ke yankewa ba, ba kuma Ɗantata ba, a Ingila ake yanke shi.

Wannan shi ne iyakar da mulkin mallaka ya shata masa. Duk yawan dukiyarsa, shekara da shekaru matsayinsa na mai saya wa wasu ne. Fitar da kaya zuwa Turai, da jiragen ruwa, da bashin banki mai kauri, suna hannun kamfanonin Turawa, a bayansu kuma ga Kwarori, waɗanda sunansu ya bi Kantin Kwari har yau. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta karɓe cinikin gyaɗa, ta raba wa kamfanoni kaso bisa ga abin da kowa ya saba fitarwa, wanda bai taɓa fitarwa ba kuwa ba shi da rabo. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, sai kuma a farkon shekarun 1950, yana tsoho, Alhassan ya sami lasin saya wa hukumar kai tsaye ba ta hannun wani kamfani ba. Abin da ya sa ba a ba shi tun da wuri ba, ba rashin jari ba ne, ba kuma rashin sanin aiki ba.

Bai tsaya ga gyaɗa kaɗai ba. Ya ci gaba da goro, ya yi cinikin shanu da tufafi da hatsi, ya mallaki filaye da gidaje, yana kuma cikin attajiran da suka haɗa jari suka kafa kamfanin 'yan ƙasa na Kano don su ma su shiga sana'ar masaƙa. Ya sauke farali, ya kuma biya wa mutane da yawa kuɗin zuwa Makka. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wajen 1950, aka sa shi cikin majalisar Sarkin Kano, abin da ba a saba yi wa ɗan kasuwa wanda ba shi da sarauta ba. Da siyasar jam'iyyu ta zo ya kasance tare da NPC.

Da ciwon ajali ya kama shi cikin 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su riƙe zumunci, kada kuma su bari rabon gado ya wargaza kamfanin. An binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari cikin birnin Kano. Allah ya jiƙansa. Kamfanin ya ci gaba a hannun 'ya'yansa, musamman Ahmadu da Sanusi da Aminu. Dalar gyaɗa kuwa ba ta daɗe ƙwarai a bayansa ba, domin farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin gwamnati ga man fetur, sun haɗu sun share ta daga filayen Kano, sai a hotuna ake ganinta. Alhaji Sanusi ya rasu a 1997, 'yarsa Hajiya Mariya kuma ita ce mahaifiyar Alhaji Aliko Ɗangote. Alhaji Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya rasu cikin watan Yuni na 2025, aka binne shi a Madina.