Labarin Adam Clayton Powell, Limamin Majami'ar Habasha ta Harlem

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai wata unguwa ta Baƙar Fata, ana ce da ita Harlem. Yawancin titunan wannan sashe na birnin lamba gare su, ba suna ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Titi na Bakwai, wanda ya ratsa unguwar daga kudu zuwa arewa, tsawon kamar mil biyu. A shekarar 1974 hukumar gari ta sa wa wannan yanki nasa sunan Adam Clayton Powell ƙarami, limamin Kirista na ɗarikar Baftis. To, ga tarihin mai sunan.

An haife shi ran 29 ga Nuwamba 1908 a garin New Haven. A cikin wannan shekara aka kira ubansa Niyok ya shugabanci majami'ar da ake kira Abisiniya, watau Habasha. Asalin sunan, bisa riwayar mutanenta, shi ne a 1808 waɗansu Baƙar Fata da waɗansu fatake Habashawa suka ƙi yarda a ware musu wurin zama dabam a majami'ar Turawa, suka fita suka kafa tasu. Uban ne ya ƙaurar da ita zuwa Harlem a 1923. Ɗan kuwa ya yi karatu a jami'ar Colgate da ta Columbia, ya gaji ubansa a 1937, ya riƙe limanci har 1971. Shekara 34 ke nan, mabiyansa sun haura dubu goma.

Zamanin da ya taso, zamanin karyewar kasuwa ne a Amurka. Tun bai hau kujerar ubansa ba yake rabon abinci da tufafi ga mabukata a majami'a. Amma ya duba ya ga sadaka ba ta warkar da ciwon. Manyan kantunan Titi na 125, watau cibiyar kasuwar Harlem, na Turawa ne. Masu saye baƙaƙe, masu jiran kanti farare, Baƙin mutum ba ya samun aiki sai shara da dako. Sai ya shiga gargaɗin jama'a kada su kai kuɗinsu inda ba a ɗaukar 'ya'yansu aiki, ya riƙa tsayar da mutane a ƙofar kanti ɗauke da alluna. Duk ɗan kasuwa ya san yinin da aka yi ba ciniki. A 1938 masu kantuna suka sauko, aka yi yarjejeniya za a ɗauki Baƙar Fata aikin sayarwa.

Dabarar da aka yi wa kamfanin lantarki ta fi wannan ban dariya. Ran Talata da dare sai a kashe fitilu a kunna kyandir. In an tashi biyan kuɗin wuta kuma, a yi jerin gwano zuwa ofis, kowa ya zube nasa da kwabo kwabo, akawu ya yini yana ƙirga. A 1941 ya sa aka ƙaurace wa motocin haya na unguwar, har aka yarda da ɗaukar baƙaƙen direbobi da makanikai.

A wannan shekara aka zaɓe shi majalisar birni, shi ne Baƙi na fari da ya shige ta. A 1944 Harlem ta aike shi Majalisar Wakilai ta Washington. Can ya tarar akwai ɗakin cin abinci da al'ada ta keɓe wa Turawa, ya shiga da baƙinsa suka zauna. Ya kuma tsiri wani sharaɗi da yake liƙa wa dokoki, cewa kada kuɗin gwamnati ya tafi wurin da ake wariyar launi. Ya halarci taron Bandung na ƙasashen Asiya da Afirka a 1955, ba tare da gwamnatinsa ta so ba, ya kuma je Ankara bikin 'yancin Gana a 1957. Daga 1961 ya shugabanci kwamitin ilmi da ƙwadago, inda dokokin taimakon makarantu da na ƙarin mafi ƙarancin lada suka bi ta hannunsa.

Amma fa ba a ɓoye aibinsa. Mutum ne mai son annashuwa da tafiye-tafiye, mai yawan fashin zaman majalisa, ga saurin baki. A 1960 ya zargi wata tsohuwa ta Harlem, a bainar jama'a, da kai wa 'yan sanda cin hanci. Ta kai ƙara, shari'a ta ba ta gaskiya, aka ɗora masa diyya, ya ƙi biya. Ya zamana ba ya shiga Niyok sai ran Lahadi, domin ba a kamu a kan irin wannan shari'a a ranar. Ya yi wa'azinsa, ya fice. Aka kuma tuhume shi da kashe kuɗin kwamiti a kan bukatun kansa. Ran 1 ga Maris 1967 'yan majalisa suka hana shi kujerarsa. Mutanen Harlem suka sake zaɓensa da rinjaye mai yawa, Kotun Ƙoli kuma ta hukunta a 1969 cewa hanin ya saɓa wa tsarin mulki. Duk da haka ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Ya daɗe yana zaune a tsibirin Bimini, jama'a ba su ganinsa, sai Charles Rangel ya kayar da shi a 1970 da ƙuri'u kaɗan. Ya mutu a Miami ran 4 ga Afrilu 1972, yana da shekara 63.

Shekara biyu bayan haka aka sa wa titin sunansa, alhali duk wanda ke raye a unguwar ya san laifuffukan nan, ya kuma san wanda ya buɗe wa ɗansa ƙofar kanti. Titin ya gitta Titi na 125 daidai inda aka yi ta tsayuwa da alluna. A wannan mahaɗa akwai dogon benen ofisoshin jiha mai ɗauke da sunansa, da mutum-mutuminsa a gaba. Majami'ar tana Titi na 138, tsakanin titinsa da na gabas da shi, wanda aka ƙara wa sunan Malcolm X a 1987, watau Alhaji Malik Shabazz, Musulmi, wanda suka yi zamani tare a unguwa ɗaya. Can kudu kuma titin Powell ya ratsa Titi na 116, inda fataken Senegal da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma suka buɗe shagunansu.