Fazlur Khan: Injiniyan da alhazanmu ke shan inuwarsa ba su san sunansa ba

Idan a gidanku akwai wanda ya taɓa sauke farali, je ka duba hotunan da ya dawo da su, ko ka leƙa waɗanda ake ɗorawa a Facebook duk lokacin da aka fara kwaso alhazai zuwa gida. Da wuya ka rasa guda da aka ɗauka a filin jirgin Jidda: alhaji zaune kan jaka, ya gaji tiɓis, sama da kansa wasu fararen tantuna masu tsini sun jeru iya ganinka. Mu dai fuskar alhaji muke kallo, da haƙorin Makka idan ya sa. Ba mai ɗaga kai ya tambayi wanda ya kafa rumfar.

Ni ma ban taɓa tambaya ba, duk da cewa a aji kullum malamai suna nanata mana cewa abin da ɗan jarida zai fara nema a labari shi ne wane ne. Injiniyan da ya yi lissafin wannan rumfa sunansa Fazlur Rahman Khan. Kuma rumfar ƙaramin abu ce a cikin abin da ya bari. Dogayen benayen nan da kake gani a bidiyon 'yan yawon Dubai da Amurka, da yawansu a kan dabarar da ya fito da ita suke tsaye.

An haife shi ranar 3 ga Afrilu, 1929, a yankin Bengal, inda yanzu ake kira Bangaladesh. Lokacin ƙasar tana cikin Indiya, ƙarƙashin Turawan Ingila. Mahaifinsa, Abdur Rahman Khan, malamin lissafi ne mai rubuta littattafan makaranta. Dhaka ɗin da ya tashi a ciki gari ne na gajerun gine-gine, bene mai hawa uku ma abin a tsaya a kalla ne. Ya fara karatun injiniya a kusa da Kalkata, ya ƙarasa a kwalejin Ahsanullah da ke Dhaka bayan an raba Indiya da Pakistan. A 1952 ya samu tallafin karatu na Fulbright ya tafi Jami'ar Illinois a Amurka. Cikin shekara uku ya haɗa digiri na biyu har guda biyu, ya ɗora da na dakta. Mu da yajin aiki ke mayar mana da digirin shekara huɗu ya koma shida, sai dai mu ce Allah ya sa albarka.

A 1955 ya kama aiki a Shikago da kamfanin zanen gini na Skidmore, Owings & Merrill. Ya koma Pakistan na ɗan lokaci ya yi aiki a Karachi, sannan ya dawo kamfanin a 1960. Daga nan ne labarin ya ɗauki zafi.

Bari in tambaye ka: me kake jin ya fi damun wanda zai gina bene mai hawa ɗari? Yawancinmu za mu ce nauyi. To, nauyi yana da sauƙin lissafi, ƙasa kawai yake danna gini. Babban abokin gaba iska ce. Ka taɓa riƙe doguwar gora a tsaye lokacin da iskar hadari ta taso? Iskar can sama take bugunta, amma a hannunka kake jin azabar. Haka bene yake. Idan ka ninka tsawonsa sau biyu, ƙarfin da iska ke neman tumɓuke shi da shi daga gindi yana ninkuwa aƙalla sau huɗu, ga shi kuma iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi.

Kafin Khan, maganin da aka sani shi ne a ƙara ƙarfe. A kafa ginshiƙai ko'ina a cikin ginin, a ƙara musu kauri, a ɗaure mahaɗarsu tamau. Duk hawan da ka ƙara, sai ka koma ka ƙara wa na ƙasa ƙarfe, har kuɗin ya kai inda mai gini zai ce a haƙura. Wannan na cikin dalilan da suka sa benen Empire State na birnin Niyok, mai hawa 102, wanda aka gama a 1931, ya yi kusan shekara 40 ba wanda ya kere shi a duniya.

Khan sai ya ce a kwashe ƙarfin daga ciki a mayar da shi bango. A jera ginshiƙai kusa da juna a kewayen ginin, a haɗe su da kakkauran azara a kowane hawa, yadda ginin gaba ɗaya zai zama kamar ƙaton bututu guda da aka kafa a ƙasa, tagogi su zama 'yan hudojin jikinsa. Gwada da kanka yanzu. Yagi falle ɗaya daga littafinka ka riƙe shi a tsaye, zai langaɓe. Naɗe shi ya zama bututu, sannan ka hura masa iska. Takardar ba ta ƙaru ba, nauyinta bai canza ba, siffarta kawai ka sauya. Gorar da muka yi magana a kai ma sirrinta ke nan, cikinta fanko ne, ƙarfinta duk a bango yake.

Ya fara gwada dabarar a wani benen haya na kankare mai hawa 43 a Shikago, mai suna DeWitt-Chestnut, a tsakiyar shekarun 1960. Ya tsaya daram. Sai ga babban aiki ya zo: John Hancock Center, hawa 100, tsawon mita 344. A nan shi da abokin aikinsa mai zanen gini, Bruce Graham, suka gicciya manyan ƙarafa a jikin benen daga waje, masu siffar harafin X, kowanne ya ratsa hawa da yawa. Nemi hotonsa ka gani, ba su ɓoye ƙarafan ba, su ne ma adon ginin. Abin da ya burge ni, an fara auna wannan tunani ne a aikin kammala karatu na wani ɗalibi da Khan ke dubawa a wata jami'ar fasaha da ke Shikago. Wato furojet ɗin da wasunmu ke biya a kwafo musu, a can shi ne ya zama gwajin bene mai hawa ɗari.

Ga inda riba take. Empire State ya ci ƙarfe kimanin kilo 206 a kowace murabba'in mita ta daɓe. Hancock, mai kusan yawan hawa ɗaya da shi, ya ci kimanin kilo 145. Ka lissafa wannan ragi a hawa ɗari, za ka gane abin da ya sa masu kuɗi suka fara sauraren wannan baƙo ɗan Bengal.

Amma akwai wata matsalar da lissafi bai warware ba. Hawa na sama a Hancock gidajen kwana ne. Dogon bene kuwa dole ya ɗan yi layi idan iska ta kaɗa, ko da ba zai faɗi ba. To, layi nawa ɗan Adam zai ji yana kwance kafin zuciyarsa ta tashi ko tsoro ya kama shi? A lokacin babu wani ma'auni tsayayye. Khan ya je gidan baje kolin kimiyya na Shikago, inda akwai wani dandamali mai juyawa da aka yi don nuna yadda injin wanki ke aiki. Ya nemi izini, ya ɗora mutane a kai, wasu a tsaye wasu a kwance, ana juya su a hankali yana rubuta lokacin da kowa ya fara jin motsi. Da wannan ya samu abin da zai auna ginin da shi. Yau injiniyoyi na da ɗakunan gwaji na musamman don wannan aiki, ana kuma saka wa benaye na'urar kashe layi, irin dunƙulen ƙarfe mai tan 660 da ke rataye a saman benen Taipei 101 na Taiwan.

Wurin da na fi daɗewa a tarihinsa shi ne harsashin Hancock. Ana cikin aiki, ƙarfe ya fara tashi sama, sai aka ga wani ginshiƙi ya nitse fiye da yadda lissafi ya nuna. Da aka bincika, aka tarar da rami a cikin ɗaya daga dirkokin kankaren da aka zuba can ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ginin duka zai zauna a kansu. Khan ya tsaya kai da fata cewa a dakatar da aiki a binciki sauran. Aka yi watanni ana tono ana gyara, kuɗi na zurarewa, har mai ginin na farko, Jerry Wolman, ya karye ginin ya fita daga hannunsa. Ka kwatanta matsin da ke kan matashin injiniya, baƙo a ƙasar, bai cika shekara 40 ba, kowa na kallonsa a matsayin wanda ya tsayar da aikin miliyoyin daloli. Benen yana nan tsaye yau fiye da shekara 50, da mutane suna barci a samansa.

Ina karanta wannan, Ikoyi ta faɗo mini a rai. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 ya rufta a Legas ana cikin gina shi, mutum sama da 40 suka rasu, yawancinsu leburori masu neman na abinci. Jaridu sun ruwaito cewa injiniyoyin da suka fara kula da aikin sun janye hannunsu a rubuce fiye da shekara guda kafin nan, aka ci gaba da ɗora hawa. Can an ji maganar injiniya duk da tsadarta. Nan an nemi wani.

Bayan Hancock sai Sears Tower, wanda yanzu ake kira Willis Tower. A nan Khan ya ɗauki bututu tara, kowanne faɗinsa kusan mita 23, ya ɗaure su wuri guda, uku a jere sau uku. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, ya san tsinken tsintsiya ɗaya da yadda yake karyewa, ya kuma san damin. Bututun ba tsawonsu ɗaya ba: biyu sun tsaya a hawa na 50, biyu a na 66, uku a na 90, biyu kawai suka kai ƙololuwa. Shi ya sa ginin yake kamar matakala idan ka hango shi. Ya kai mita 442, ya zama mafi tsawo a duniya daga 1973 har zuwa 1998, lokacin da tagwayen benayen Petronas na Malesiya suka karɓe kambun.

Ana tsakiyar wannan aiki ne, a 1971, yaƙi ya ɓarke a gida, lokacin da Gabashin Pakistan ke neman ɓallewa ta zama Bangaladesh. Khan ya riga ya zama ɗan ƙasar Amurka tun 1967, yana da matarsa Liselotte 'yar Ostiriya da 'yarsu Yasmin, ga suna ya fara fita. Da ya yi shiru ba mai ganin laifinsa. Sai ya shiga gaba wajen kafa ƙungiyar tara agaji a Shikago domin mutanen da yaƙin ya tagayyara. Waɗanda suka zauna da shi sun san shi da son waƙoƙin Rabindranath Tagore, yakan rera su da harshen Bengali.

Yanzu mu koma Jidda inda muka fara. A ƙarshen shekarun 1970 Saudiyya na gina sabon filin jirgin Sarki Abdul'aziz, kuma tana da wata damuwa da babu filin jirgin da ke da irinta. Dubban ɗaruruwan mutane za su sauka cikin 'yan makonni, daga Kano, Jakarta, Karachi, Istanbul, da yawansu tsofaffi, wasu wannan ne hawan jirginsu na farko. Za su yi awoyi masu yawa suna jiran takardu da mota, cikin zafin da ka sani. Idan aka ce a gina rufaffen gini mai na'urar sanyaya ɗaki da zai ɗauke su duka, kuɗin wuta kaɗai ya isa, ga shi yawancin shekara zai zauna fayau.

Mutumin da ya yi suna da tsawo sai ya sauko ƙasa. Shi da abokan aikinsa suka koma ga abin da mutanen sahara suka daɗe da sani, wato inuwa da iska mai wucewa. Suka kafa tanti 210, kowanne mita 45 a kowane gefe, rataye da igiyoyin ƙarfe daga dogayen turaku. Yadin ba na auduga ba ne. An saƙa shi da zaren gilashi, aka shafe shi da Teflon, sinadarin nan da ke hana ƙwai kamawa a kaskon suya na zamani. Farin yadin yana mayar da yawancin zafin rana sama, yana barin haske kaɗan ya ratso, don haka da rana ba a buƙatar fitila. Gefen rumfar a buɗe yake, tsinin kowane tanti kuma yana da kafa, iska mai zafi ta tashi ta fice ta nan, wata ta shigo ta ƙasa. An buɗe tashar a 1981. Tun daga lokacin, alhazan Najeriya da Nijar da Ghana da ba sa ƙirguwa sun shimfiɗa darduma a ƙarƙashinta, sun yi sallah, sun yi barci, sun ƙirga tsaraba.

Bai daɗe yana ganinta ba. Ranar 27 ga Maris, 1982, ya je Jidda aiki, ciwon zuciya ya kama shi ya rasu, saura mako guda ya cika shekara 53. Aka kai gawarsa Shikago aka binne a maƙabartar Graceland. Shekara guda bayan nan, a 1983, tashar alhazan ta ci lambar yabo ta Aga Khan ta zanen gini. A 1998 birnin Shikago ya sa sunansa a wata mahaɗar titi da ke gindin benen Sears.

Kamfanin da ya yi wa aiki shi ne ya zana Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, wanda aka buɗe a 2010, da wata sabuwar dabara da ta tsiro daga tunanin sa siffar gini ta yi faɗa da iska maimakon tulin ƙarfe. Wanda ake ginawa yanzu da niyyar ya kere shi, ya haura mita 1,000, a Jidda yake, arewacin garin, ba nisa sosai da tantunan.