Alƙali Abubakar Baƙillani da Mas'alar Ƙwayar Zarra

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya karanta Ummul Barahina ta Shaihu Sanusi a zaurukan Madawa, Buza ko Kaita, ya ji hujjar cewa duniya fararriya ce. Yana daga cikin magabatan da suka kafa wannan hujja Alƙali Abubakar Baƙillani, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi a Basra wajen shekara ta 338 bayan Hijira, ya zauna a Bagadaza. Bamalike ne kamar mu, ya ɗauki tauhidi daga almajiran Imamu Ash'ari. Cikin littattafansa akwai Tamhidu da I'ijazul Ƙur'ani. A shekara ta 371 sarki Adudud Daula ya aike shi jakada zuwa ga sarkin Rumawa. An ruwaito cewa an ƙanƙanta masa ƙofar fada don ya shiga a sunkuye, sai ya juya ya shiga da baya.

Tun kafin Annabi Isa, wani Bayunane mai suna Dimukradis ya ce kome an gina shi da ƙwayoyin da ba su rabuwa, waɗanda ba su da farko. Baƙillani ya yarda da ƙwayar, ya ƙi dawwamarta. A wurinsa, in aka yi ta raba ƙwayar gero, za a tuƙe ga wani yanki da ba ya rabuwa, shi ne jauhari. Jauhari ba ya rabuwa da sifofi irin motsi da tsayuwa, su kuwa ba su ɗorewa lokaci biyu, Allah ke sabunta su. Abin da bai taɓa rabuwa da fararre ba, shi ma fararre ne, fararre kuwa tilas yana da Mahalicci.

Ya rasu a Bagadaza cikin Zulƙida, shekara ta 403, daidai da 1013 Miladiyya.

A 1808 Dalton na Ingila ya kafa nazarin zarra bisa awo, a 1938 kuma aka fasa zarrar yuraniyom a Jamus, ma'adinin da aka fara haƙowa a Arlit a 1971. Kada wannan ya girgiza ɗalibanmu. Jauharin malamai sunan ƙarshen rabo ne a hankalce, ba lalle ne ya zama abin da aka fasa ba. Ibnu Khaldun ya bayyana cewa Baƙillani ya ɗaure aƙida da hujjojinta, amma malaman baya irin su Gazali suka ga rushewar hujja ɗaya ba ta rushe gaskiyar da aka kafa ta dominta. Saboda haka mu koyi ilimin zamaninmu kamar yadda ya ƙware a nasa, ba tare da mun rataya imaninmu ga kowane sabon bincike ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya amfane mu da iliminsa, amin.