Andrei Markov, malamin da ya ƙirga haruffa 20,000

A farkon shekarar 1913 wani malamin lissafi mai shekaru 56 ya tsaya gaban Majalisar Masana Kimiyya ta birnin St Petersburg a ƙasar Rasha, ya gabatar da sakamakon wani aiki da ya yi da fensir da takarda: ya ƙirga wasula da baƙaƙen wani littafin waƙa. Sunansa Andrei Andreyevich Markov. Daga wannan ƙirga ne aka samo tushen dabarar da na'urorin ƙirƙirarriyar basira ke amfani da ita a yau wajen yin rubutu, kuma duk malamin da ke son fahimtar da matasa yadda waɗannan na'urori ke aiki zai sami abin farawa a tarihin wannan mutum.

An haifi Markov a garin Riyazan ranar 14 ga watan Yuni 1856. Yana ƙarami iyayensa suka koma St Petersburg, inda mahaifinsa ya riƙa kula da dukiyar wata attajira. Ciwon gwiwa ya sa yaron ya yi ta dogara sanduna har ya kai shekara goma. A makaranta bai yi fice a yawancin darussa ba, in ban da lissafi. Ya shiga jami'ar birnin a 1874, ya yi karatu a hannun shahararren masanin lissafi Pafnuty Chebyshev, ya kammala a 1878 da lambar zinariya. A wannan jami'a ya zama malami. An ɗauke shi cikin Majalisar Masana Kimiyya a 1886, ya zama cikakken ɗan majalisar a 1896, sannan a 1900 ya wallafa littafinsa na koyar da ilimin yiwuwa, wato fannin lissafin da ke auna yadda abu zai iya faruwa ko ya ƙi faruwa.

An san shi da kafiya da rashin tsoron hukuma. Lokacin da aka soke zaɓen marubuci Maxim Gorky cikin Majalisar a 1902 bisa umurnin sarki, Markov ya fito fili ya nuna rashin amincewarsa. A 1908, bayan tarzomar ɗalibai, gwamnati ta buƙaci malaman jami'a su riƙa sa ido a kan ɗalibansu, shi kuwa ya ƙi. A 1913 da ƙasa ta ɗauki bikin cikar gidan sarautar Romanov shekara 300, sai ya shirya nasa bikin na cikar littafin Jacob Bernoulli a kan ilimin yiwuwa shekara 200.

Gardama ce ta kai shi ga babban aikinsa. Akwai wata doka ta Bernoulli da ke cewa idan aka yi ta jefa tsabar kuɗi sama sau da yawa, adadin faɗuwarta ta kowace fuska zai yi ta matsawa kusa da rabi. A 1902 wani masanin lissafi na Mosko, Pavel Nekrasov, ya yi iƙirarin cewa wannan doka ba ta aiki sai idan abubuwan da ake ƙirgawa ba su dogara da juna ba, kamar yadda jifa ɗaya ba ta da tasiri a kan ta gaba. Markov bai yarda ba. A 1906 ya nuna ta hanyar lissafi cewa dokar tana nan daram ko da kowane abu ya dogara da wanda ya gabace shi, kamar zobban sarƙa. Irin wannan jeri ne ake kira sarƙar Markov.

Saura misali na zahiri, kuma a cikin harshe ya same shi. Ya ɗauki littafin waƙar Alexander Pushkin mai suna Eugene Onegin, ya kwafe haruffa 20,000 na farko, ya cire alamomin rubutu da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ya sami wasula 8,638 da baƙaƙe 11,362, wato wasula sun kai kashi 43 cikin ɗari. Da a ce haruffa ba su dogara da juna ba, da an sami wasali biye da wasali fiye da sau 3,700. Sau 1,104 kawai ya samu. Bayan wasali, yiwuwar zuwan wani wasalin kashi 13 ce cikin ɗari. Bayan baƙi kuwa ta kai kashi 66. Daga baya ya maimaita gwajin da haruffa 100,000 na wani littafin Sergei Aksakov. Abin da ya tabbata shi ne, sanin harafin da ya wuce yana taimakawa wajen hasashen na gaba, ko da mai hasashen bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba.

Markov bai ga kwamfuta da idonsa ba. Claude Shannon ne a Amurka, a 1948, ya nuna cewa da irin wannan ƙirga ana iya haɗa haruffa da kalmomi su fito kamar Ingilishi alhali babu wata ma'ana a cikinsu. Na'urorin yau sun yi wa wannan nisa ƙwarai: ana horar da su da rubutu mai ɗimbin yawa, kuma suna duba dubban kalmomin da suka wuce kafin su zaɓi ta gaba. Duk da haka tambayar da suke amsawa ita ce ta Markov: bisa abin da ya gabata, me ya fi yiwuwa ya biyo baya? Shi ya sa sukan kawo jimla mai daɗin karatu wadda ke ɗauke da shekarar da ba daidai ba ko sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, domin abin da aka horar da su su samar shi ne abin da ya yi kama da rubutun mutane.

Ɗaliban kwaleji ko na lise za su iya maimaita gwajin Markov a darasi ɗaya da shafi guda na Hausa. Tun da gaɓar Hausa da baƙi take farawa, kuma wasula ba sa haɗuwa sai a tagwan sauti irin ai da au, za su tarar wasali biye da wasali ba shi da yawa. Idan suka yi haka da kalmomi, suka riƙa zaɓen ta gaba bisa ƙirgar da suka yi, za su haɗa jimloli da hannunsu su ga inda dabarar ke tuntuɓe. A jimlar da ke cewa yarinyar da malam ya aika kasuwa jiya da safe ta dawo, kalmar ta tana komawa ne ga yarinya, can farkon jimla, wanda kuwa ke duban kalma ɗaya ta baya safe kawai zai gani. Irin wannan dogaro mai nisa na cikin hujjojin da Noam Chomsky ya kawo a littafinsa Syntactic Structures na 1957, inda ya nuna cewa sarƙa irin ta Markov ba ta isa ta bayyana nahawun harshen ɗan Adam ba.

Akwai kuma abin da rubutun kansa bai ɗauka ba. Boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya. A intanet mutane da yawa suna zubar da ƙugiyar haruffa, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Ga shi rubutun Hausa da ake da shi kaɗan ne idan an kwatanta da na Faransanci ko Ingilishi, kuma mafi yawansa bisa daidaitacciyar Hausa mai tushe a karin Kano yake. Na'urar da aka horar da wannan za ta fi yin kuskure a Hausar Maraɗi, Tawa ko Damagaram.

Shi kansa Markov ya koyar da matasa a ƙarshen rayuwarsa. A 1917, shekarar juyin juya hali, ya nemi Majalisar ta tura shi wani gari na cikin ƙasa. Ya tafi Zaraisk, inda ya koyar da lissafi a makarantar sakandare ba tare da karɓar albashi ba, ya komo Petrograd, sabon sunan St Petersburg, a 1918. Idanunsa sun raunana, jikinsa ya yi rauni, amma ya ci gaba da ba da darasi a jami'a har 1921. Ya rasu ranar 20 ga watan Yuli 1922 yana da shekaru 66. Ɗansa, wanda aka haifa a 1903 kuma yake ɗauke da sunansa, shi ma ya zama sanannen masanin lissafi.