Orville Carlisle, Mai Kantin Takalma da Ya Koya wa Roka Sauka

A watan jiya, sa'ad da aka rarraba mu makarantu don gwajin koyarwa, na kama wani yaro ɗan aji shida a bayan ɗakin karatu, yatsunsa biyu a ƙone, yana ɓoye su cikin riga. Da na matsa masa da tambaya sai na iske ashe kan ashana ya kankare ya ɗura cikin wani guntun bututu, wai zai yi roka irin wadda ya gani a hoto. Na ƙwace bututun, na yi masa faɗa ƙwarai, na kai shi aka sa masa magani. Amma da na koma masauki da dare hankalina bai kwanta ba, gama na san faɗan nan ba zai kashe sha'awar da ke ransa ba, sai dai ya koya masa ya ƙara nisa da idon malamai in zai sake. Shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana masu shirin zama malamai labarin wani mutumin Amurka, Orville Carlisle, wanda ya samo maganin irin wannan damuwa.

An haifi Carlisle ran 5 ga watan Yuli, 1917. Bai zama shehun malami ba, bai kuwa yi aikin injiniya a gidan gwamnati ba. Takalma su ke sayarwa, shi da ɗan'uwansa Robert, a kantinsu cikin wani ƙaramin gari wai shi Norfolk, a jihar Nebraska. In an rufe kanti, kowannensu da abin da ya ke ɗebe kewa da shi. Robert yakan harhaɗa ƙananan jiragen sama na wasa, ya riƙa nuna su a makarantu da wuraren shan iska. Orville kuwa wasan wuta ya sa a gaba, irin wanda a kan harba sama ranar biki ya fashe da launi iri iri, har ya san halin albarushi kamar yadda maƙeri ya san halin ƙarfe.

Ran nan sai Robert ya roƙi ɗan'uwansa ya yi masa 'yar roka wadda zai riƙa nuna wa yara tare da jiragensa. Harba abu sama da albarushi ba sabon abu ba ne, mutanen Sin sun daɗe da sanin wannan tun shekaru ɗaruruwa. Amma rokar biki sau ɗaya ta ke tashi, ta ƙone, ragowarta ta faɗo inda ta ga dama. Hausawa sun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, to, faɗowar nan ita Carlisle ya tsaya ya yi wa tunani. Cikin 1954 ya gama rokarsa ta fari, ya sa mata suna Rock-A-Chute. Jikinta na takarda ne, fukafukanta na wani itace marar nauyi da a ke kira balsa. Injinta dabam ya ke da jikinta. In an harba sau ɗaya sai a zare shi a yar, jikin kuwa ya sauko sannu a ƙarƙashin laima, a sa masa sabon inji ya sake tashi.

Bari in bayyana yadda injin nan ya ke, gama a nan hikimar mutumin ta ke, kuma har yau bisa tsarinsa a ke yin su. Ɗan bututu ne na takarda mai kauri. Irin wanda aka fi sani tsawonsa bai cika inci uku ba, kaurinsa kamar babban yatsa. A gindinsa akwai toshi na yumɓu mai 'yar ƙofa a tsaka, ta nan wuta ke fita. Cikinsa hawa uku ne. Na fari albarushi ne da aka danne ya yi tauri, shi ke tura roka sama, cikin sakan ɗaya ko biyu ya ƙare. Na biyu wani haɗi ne mai ci a hankali, ba ya turin kirki, hayaƙi ya ke yi don masu kallo su bi roka da ido, ita kuwa tana ta hawa da ƙarfin da ta riga ta samu. Na uku ɗan albarushi ne sako-sako, bai kai giram ɗaya ba. Da wuta ta iso gare shi sai ya tashi gaba ɗaya, iska mai zafi ta cika cikin roka, ta ture hular da ke kanta, laima ta fito ta buɗe. Akwai igiyar roba da ke riƙe da hular don kada ta ɓata, a kan kuma cusa wata takarda wadda ba ta cin wuta tsakanin inji da laima don kada zafi ya narkar da ita.

Abu biyu ne tilas su yi daidai, watau lokaci da awo. Lokacin da ya dace laima ta fito shi ne sa'ad da roka ta kai ƙarshen hawanta, ta yi kamar ta tsaya. In ta fito tun roka na gudu sama, iska sai ta tsinke igiyoyinta. In kuwa aka makara har roka ta juya kai ƙasa ta ɗauki gudu, haka nan ne. Don haka a ke buga alama a jikin kowane inji, kamar C6-5. Harafin yana nuna jimlar ƙarfin injin, kowane harafi kuwa ya ninka na bayansa sau biyu. Lamba ta fari tana nuna matsakaicin turinsa, ta ƙarshe kuwa yawan sakan da zai jira kafin ya fid da laima. Roka mai nauyi ba ta daɗewa tana hawa, sai a ba ta C6-3. Marar nauyi kuwa a ba ta C6-7.

Batun awo kuwa, duk wanda ya taɓa zama da maharba a ƙauye ya san ɗurin bindiga in ya yi kaɗan ba ya kai wa nama, in ya yi yawa ya fasa bindiga a hannun mai ita. Haka ɗan albarushin nan na hawa na uku ya ke. In ya gaza, hula ba za ta fita ba, roka ta dawo kamar mashi ta kafe a ƙasa, ko a kan wani. In ya wuce kima, ya tsage jikin roka, ko ya tsinke igiya, ko ya babbake laima. Abin da Carlisle ya yi shi ne ya raba hannun yaro da albarushi sam. Wanda ya san aikin shi ya auna, ya ɗura, ya rufe. Na yaro shi ne yanka takarda, da manna fukafukai, da naɗe laima, da lissafin nauyi.

Shekara uku abin nan bai wuce su Carlisle da maƙwabtansu ba. A lokacin kuwa zancen tafiya sararin sama ya cika Amurka, samari da yawa suna ɗura kan ashana da wasu magunguna cikin bututun ƙarfe a ɓoye, waɗansu suka rasa yatsu, waɗansu idanu, waɗansu ma rayukansu. Wani injiniya, G. Harry Stine, mai aiki a White Sands inda sojan Amurka ke gwajin manyan rokoki, ya yi rubutu a kan wannan hatsari cikin mujallar Mechanix Illustrated ta watan Fabrairu, 1957. Da Carlisle ya karanta sai ya ga ai maganin abin yana ɗakinsa. Ya rubuta wa Stine takarda, ya kuma ɗaure rokokinsa da injinansu cikin akwati ya aika masa. Stine ya gwada su, ya ga mai kantin takalma ya warware abin da ya dame shi.

Ran 4 ga watan Oktoba na shekaran nan Rasha ta harba Sputnik, sha'awar yara ta ƙara ninkuwa. Mutanen nan biyu suka kafa kamfani a birnin Denver mai suna Model Missiles, suka kuma kafa ƙungiyar masu wasan roka wadda daga baya ta zama National Association of Rocketry, aka ba Carlisle lamba ta ɗaya cikin 'yan ƙungiya. Cikin 1958 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar shaidar ƙirƙira mai lamba 2,841,084. Amma masu saye suka yi yawa, aikin hannu ya kasa. Sai wani saurayi, Vernon Estes, wanda iyayensa ke cinikin kayan wasan wuta a Denver, ya ƙera wata na'ura da ya kira Mabel, wadda cikin 1959 ta ke fid da inji ɗaya kowane sakan biyar da rabi, duka awonsu ɗaya. Kamfanin Model Missiles bai yi tsawon rai ba, ciniki ya koma hannun Estes, wanda ya ƙaura da ma'aikatarsa zuwa garin Penrose cikin 1961. Carlisle ya ci gaba da sha'aninsa na wasan wuta, har aka sa shi cikin kwamitin da ke tsara dokokin kiyaye hatsarinsa. Ya rasu ran 1 ga watan Agusta, 1988, yana da shekara 71. An ajiye rokokinsa na fari a gidan tarihi na Smithsonian.

Bayansa wasan ya girma, har manya suna harba rokokin da suka fi mutum tsawo. A Amurka ba a sayar wa mutum manyan injina sai ya ci jarrabawa ya sami takardar shaida, su ne kuwa ke auna albarushin fid da laima da kansu. Lissafinsu zai yi wa malamin aji daɗi. A ce matsin iska laba 15 ne a kan kowane inci murabba'i. In faɗin bututu inci 2 ne, turin da hula za ta sha kamar laba 47 ne. In faɗin inci 4 ne, turin ya kusa laba 190. Watau in faɗi ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu. Yawan albarushin kuwa yana bin girman ɗakin da laima ke ciki, gama dogon ɗaki ya fi bukatar iska kafin ya cika. Duk da lissafin nan ba su yarda da takarda kaɗai ba, sai sun kwantar da roka a ƙasa, sun ja da baya, sun gwada sun ga hula ta fita sarai kafin su harba.

Abin da na ɗauka cikin labarin nan shi ne, hani kaɗai ba ya tsare yaro mai son sani. Kada wani ya ji wannan ya ce zai taɓa albarushi a makaranta, wannan aikin masu izini ne. Ni dai kashegari na kira yaron nan, muka nemo gorar roba da famfon keke, muka zuba ruwa, muka yanka laima daga leda. Sau huɗu laima tana ƙin buɗewa, yara suna dariya, shi kuwa yana sake naɗi da hannunsa mai bandeji. A na biyar ta buɗe, aji duka suka ƙidaya sakan da ta yi kafin ta taɓa ƙasa, muka rubuta a allo.

'Yan'uwa, kowane ɗayanmu zai tarad da irin yaron nan a ajinsa. Allah ya ba mu haƙuri da basirar da za mu auna masa abin da ya dace da shi.